Ganin Dala ba shiga birni ba: sharhi bisa yadda ake ba da tarihin masana'antun Kano

0. Gabatarwa

Duk wanda ya nemi sanin tarihin masana'antun Kano, ko ta takardun yawon buɗe ido, ko ta shirye-shiryen telebijin, ko ta jawaban hukumomi, wuri guda ake kai shi, wato karofin Ƙofar Mata. A nuna masa ramukan rini, da marini a bakin rami yana tsoma zane, sa'annan a ba shi shekara guda, 1498, wadda aka ce a cikinta aka kafa wurin. Wannan bayani ya yawaita har ya zama tamkar matanin da kowa ya hardace. Saboda haka a matsayin matani za mu ɗauke shi cikin wanga aiki, mu auna shi da abin da matafiya da masana tarihi suka rubuta.

Hujjarmu guda ce. Abin da ya sa Kano ta zama birnin masana'antu shi ne doguwar sarƙar aiki da ta haɗa manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da falke, daga ƙauyukan kudancin Kano har cikin Sahara. Bayanin da ake yayatawa ya tsinke wannan sarƙa, ya riƙe zobe guda. Za mu duba abin da aka zubar ta fuska huɗu: zamani, wuri, ma'aikata, da kuma ƙarnin injuna. A ƙarshe za mu tsaya bisa rabon ƙasar Nijar cikin wannan tarihi, domin ba ƙaramin rabo ba ne.

1. Shekarar 1498

Shekarar 1498 ta faɗa cikin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ake danganta wa kasuwar Kurmi da gidan sarautar Kano. Amma ya kamata mai nazari ya tuna inda waɗannan shekaru suka fito. Kundin tarihin sarakunan Kano tsawon sarautar kowane sarki yake bayarwa. Shekarun miladiyya kuwa lissafi ne da aka yi daga baya, musamman a fassarar Palmer ta 1908. Ke nan shekara guda daidai wa daida, da aka liƙa wa ramin rini, sakamakon lissafi ce da aka ɗora bisa labarin baka. Ba laifi ba ne jama'a su danganta sana'arsu ga babban sarkinsu, haka ake yi ko'ina. Laifin yana ga mai bincike da zai kwafi lambar ba tare da ya ce komi ba.

Babbar illar wannan shekara ita ce tana sa mai karatu ya ɗauka rini a Kano abu ne da ya tsaya cik shekara ɗari biyar, yadda aka gada haka ake yi. Binciken Philip Shea (1975), wanda shi ne ginshiƙin nazarin rini a ƙasar Kano, akasin haka ya nuna. Marina sun daɗe suna aiki da manyan tukwanen ƙasa kafin su koma ga ramuka masu zurfi da ake shafe cikinsu da laso. Laso siminti ne na gida: katsi, wato dattin da ke kwantawa a ƙasan ramin baba, shi ake ƙonawa a haɗa da gashin jima da dafara. Ramin laso ya fi tukunya cin ruwan baba, ya fi ta daɗewa, don haka kuɗin rina zane guda ya ragu. Bunƙasar wannan fasaha da yaɗuwarta, a cewar Shea, sun zo tare da buɗewar babbar kasuwar daular Sakkwato cikin ƙarni na 19. A nan muna ganin canjin fasaha, da zuba jari, da sake amfani da sharar wata sana'a cikin wata. Har hukuma ta san darajar abin, tunda akwai harajin da ake kira kuɗin karofi. Wannan shi ne tarihin masana'anta na sosai, kuma shi ne abin da kalmar «gargajiya» ke shafewa.

2. Birni ko ƙasa?

Heinrich Barth ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, bayan ya ratso Abzin da Agadas da Damargu da Tasawa da Katsina. Ya ƙiyasta mazauna birnin wajen mutum 30.000, adadin da yake ninkawa a lokacin cin kasuwa na rani. Ya ƙiyasta kuma tufafin da Kano ke sayarwa a waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300, kuma ya ce suna kai wa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Tumbutu a yamma. A lissafinsa iyali guda na iya zama cikin wadata da wuri 50.000 zuwa 60.000 a shekara. In aka raba, kuɗin tufafin waje kaɗai ya isa ya riƙe iyalai 5.000 zuwa 6.000.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasin baƙo ne da ya yi ƴan makonni a garin, ba ƙididdigar hukuma ba. Duk da haka suna tayar da tambaya mai amfani: ina aka yi wannan aiki duka? Amsar ita ce mafi yawansa a bayan ganuwa aka yi shi. Shea ya nuna cewa cibiyoyin rini mafi girma suna cikin garuruwan karkara, musamman kudu da birnin, inda auduga da baba da ruwa suke. Kura, mai nisan wajen kilomita 30 daga Kano, ita ce ta shahara da turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura: ana saƙa shi ƙwarya siriri, a ɗinka, a rina shi sau da yawa, sa'annan a kai mabuga a buge shi da garin shuni har ya yi ƙyalli. Wannan tufa don kasuwar Abzinawa da sauran mutanen Sahara ake yin ta. Birnin Kano shi ne wurin jari da dillanci da masauki, inda fatake ke ɗaure kaya.

Saboda haka wanda ya ce «masana'antun Kano» yana nufin ƙasar Kano ne gaba ɗaya. Bayanin Ƙofar Mata ya ɗauko tarihin yanki ya cusa shi cikin fili guda na birni, don nan ne motar baƙi ke iya tsayawa. Mabuga, alal misali, ba su cika samun wuri cikin labarin ba, alhali ƙyallin da bugu ke bayarwa shi ne abin da mai saye a Agadas ko In Gal ke biyan kuɗi a kansa.

3. Hannayen da ba a nunawa

Hoton da ake yawo da shi namiji ne, dattijo, ɗa, mai sana'ar gado. Mutum iri biyu sun ɓace daga cikinsa.

Na farko mata. Kafin zare ya kai ga masaƙi sai an gurje auduga, an shiɓe ta, an kaɗa ta da mazari, kuma wannan duka aikin mata ne a cikin gidaje. Kaɗi shi ne matakin da ya fi kowane cin lokaci. Masaƙi guda sai mata da dama sun yi masa kaɗi kafin ƙoshiyarsa ta wuni tana aiki. Colleen Kriger (1993) ta jawo hankali bisa wannan rabon aiki tsakanin maza da mata a daular Sakkwato. Amma mazari ba ya barin kufai. Rami yana nan ana ganinsa bayan shekara ɗari, ɗakin da aka yi kaɗi kuwa ya rushe. Tarihin da ya dogara ga abin da ido ke gani a ƙasa tilas ya mance da mata.

Na biyu bayi. Barth ya yaba wa masana'antun Kano da cewa ba a manyan gine-gine ake yin su ba kamar na Turai, inda ake wulaƙanta ɗan Adam, a cikin iyali ake yin su ba tare da an raba mutum da gidansa ba. Ana son maimaita wannan yabo. Abin da ba a son maimaitawa shi ne cewa shi Barth ɗin ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara wajen 5.000, ban da waɗanda ake riƙewa a cikin ƙasa. Paul Lovejoy (1978) ya nuna matsayin rinjoji da gandayen sarakuna da attajirai cikin tattalin arzikin daular, inda bayi ke noman hatsi da auduga da baba, kuma Mohammed Bashir Salau (2011) ya bi wannan batu filla-filla a Fanisau, arewa da birnin. Sai a 1936 ne dokar Ingilishi ta soke bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa. Araha da yawan tufafin Kano suna da nasaba da wannan aikin tilas. Barth ya gane zaluncin da ya saba gani a Turai, bai auna wanda ke bayan katangar gandu da ma'auni guda ba. Mai nazari na yau ba shi da wannan uzuri.

4. Laƙabin «Manchesta» da zuwan jirgin ƙasa

Turawan ƙarshen ƙarni na 19 sun riƙa kiran Kano «Manchestar Afirka», kuma har yanzu ana ɗaukar laƙabin a matsayin kirari. Kirarin yana da tarko. Yana sa a auna Kano da ma'aunin birnin injin tururi, sai a ga kamar ta tsaya a rabin hanya, tana jiran Bature ya kawo mata sauran. Alhali tsarin Kano wani iri ne dabam: ƙananan wuraren aiki masu yawa, da attajiri mai ba da jari da kayan aiki, da kasuwa mai nisa da ake kai wa bisa raƙumi da jaki.

Tarihin auduga bayan 1903, shekarar da Ingilishi suka ci Kano, ya nuna ƙarfin wannan tsari. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila mai neman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai cewa layin dogo zai kwaso audugar ƙasar Hausa zuwa Lankasha. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Abin da aka yi tsammani bai faru ba. Masaƙan gida suna biyan auduga fiye da farashin Turawa, kamar yadda Marion Johnson (1974) ta bayyana. Manoma kuwa, da taimakon attajirai irin su Alhassan Ɗantata, suka juya ga gyaɗa, wadda muke kira gujiya a nan. Jan Hogendorn (1978) ya ba da wannan labari dalla-dalla. Ke nan saƙar hannu ba ta faɗi ran da Bature ya zo ba. Ta yi shekaru tana ja da yadin Turai, kuma raunin da ya same ta a hankali ya zo: mutuwar ayarin Tarabulus a farkon ƙarni na 20, shigowar zaren inji, da shunin kanti wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Bayanin Ƙofar Mata yana tsallake wannan gwagwarmaya duka, daga Rumfa sai koke bisa rashin masu saye a yau.

5. Ƙarnin injuna

Babban giɓin da ke cikin bayanin shi ne ƙarni na 20. Daga shekarun 1950 Kano ta samu unguwar masana'antu a Bompai, daga baya aka ƙara Sharaɗa da Calawa. An yi masaƙun inji, da matatun man gujiya, da majemun zamani, da kamfanonin roba da na alawa da na kwanon ƙarfe. Dubban mutane sun ci abinci a nan. Paul Lubeck (1986) ya yi nazarin waɗannan ma'aikata, ya nuna cewa da yawansu almajirai ne da suka zo daga karkara, da yadda suka shigo da zumuncin tsangaya cikin ma'aikata, har zuwa yajin aikin 1971 bisa ƙarin albashin Adebo. Andrae da Beckman (1998) sun kwatanta masaƙun Kano da na Kaduna, suka nuna yadda a Kano dangantakar ubangida da bara ta daɗe tana gogayya da ƙungiyar ƙwadago.

Daga 1986, da shirin gyaran tattalin arziki da faɗuwar darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi wadata, yadin Asiya mai araha ya cika kasuwar Kantin Kwari, musamman bayan ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin yadi ta duniya a farkon 2005. Masaƙu da dama suka rufe. Wannan ma gado ne: gine-gine, injuna, rajistar ma'aikata, takardun ƙungiya, da tsofaffin ma'aikatan da ke raye. Amma ba a ɗauke shi gado ba. In aka dubi abubuwan da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO game da Kano, za a ga ganuwa da dutsen Dala da kasuwar Kurmi da gidan sarki a jerin jiran gado na 2007, sa'annan hawan daba da aka amince da shi a 2024. Duka sun cancanta, amma kusan duka tarihin sarauta ne. Leburan Bompai ba shi da wuri a ciki.

Dalilin haka, a ganinmu, yana cikin rabon kalmomi. Abin da ake kira «patrimoine industriel» a Faransanci an gina shi bisa tarihin Turai. Yarjejeniyar Nijni Tagil ta 2003 ma daga juyin masana'antu na ƙarni na 18 ta fi mai da hankali. A Rube, tsohon birnin saƙa na arewacin Faransa, masaƙar Motte-Bossut da ta tsaya a 1981 an mayar da ita gidan ajiyar takardun duniyar ƙwadago a 1993. A can masana'anta guda ce aka gada. A Kano kuwa an raba tarihin gida biyu: rini da saƙar hannu an tura su ɓangaren «al'ada», injuna an bar su ga masana tattalin arziki a matsayin labarin asara. Kowane ɓangare ya rasa rabin ma'anarsa. Aro tsarin Rube yadda yake ba zai gyara wannan ba. Abin koyi a can shi ne sun fara da ceton takardu.

6. Rabon Nijar

Mai karatu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan lamarin maƙwabta ne. Tarihi bai yarda da haka ba. A ƙarni na 19 ƙasar da ta zama Nijar tana cikin manyan kasuwannin Kano da hanyoyinta. Ayarin Abzinawa na kawo gishirin Bilma da dabino zuwa kudu, ya koma da hatsi da baƙin tufa. Damagaram ta yi arziki bisa wannan hanya, kamar yadda Stephen Baier (1980) ya nuna. Rawanin da ake ɗauka alamar mutanen Abzin ne, a Kura ake yin mafi tsadarsa. Ba za a rubuta tarihin karofin ƙasar Kano ba tare da ɗanɗanon mai saye na Agadas ba, domin shi ya tsara faɗin ƙwarya da zurfin launi.

A ƙarni na 20 alaƙar ta juya. Tun cikin shekarun 1970 Nijeriya ta sha hana shigo da yadi domin ta kāre masaƙunta. Emmanuel Grégoire (1986), cikin littafinsa bisa alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda kayan da ake saukewa a tashar Kwatano ke ratsowa Nijar, a biya kuɗin duwan, sa'annan su tsallaka iyaka zuwa Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. Yadi da taba suna cikin manyan kayan. Wannan ciniki ya gina gidaje a Maraɗi da Birnin Ƙonni, ya kuma kawo kuɗi a baitulmalin ƙasa. Ba shi kaɗai ya rufe masaƙun Kano ba, tunda matsalar wuta da ta naira daga cikin gida suke, kuma attajiran Kano da kansu ne abokan cinikin. Amma yana cikin dalilai, kuma masu bincike na wannan ɓangaren iyaka ne suka fi kusa da shaidunsa. Haka nan Nijar na da nata kufan: masaƙar Sonitextil ta Yamai, da matatar mai da majemar Maraɗi, duk suna jiran irin wannan tambaya.

7. Kammalawa

Ba mu ce a yi watsi da karofin Ƙofar Mata ba. Wuri ne na gaske, marinansa ma'aikata ne na gaske, kuma kāre shi wajibi ne. Abin da muka soka shi ne mayar da shi dukan labarin. Bayanin da ake yayatawa ya ba da shekara maimakon tarihin canji, ya ba da birni maimakon ƙasa, ya fid da mata da bayi, ya yi shiru bisa ƙarnin injuna. Sakamakon haka ɗalibi na fita da ra'ayin cewa Bahaushe na da sana'a amma ba shi da tarihin masana'antu, kuma wannan ra'ayi ne da rubuce-rubucen da muka ambata suka riga suka rushe tun shekaru da dama.

Aikin da ke gaban sassan tarihi da na harsuna a jami'o'inmu a fili yake. Na ɗaya, a tattara kalmomin sana'ar, daga gurza zuwa bugu, a Kura da Damagaram da Tasawa, a kwatanta su, domin yaɗuwar kalma kamar laso ko katsi na iya nuna hanyar da fasaha ta bi. Na biyu, a ɗauki maganar tsofaffin ma'aikatan masaƙu da ta direbobi da dillalan hanyar Maraɗi zuwa Kano. Na uku, a nemi takardun kamfanonin da suka rufe kafin gara da ruwan sama su gama da su. Na huɗu, a fassara muhimman sassan aikin Shea zuwa Hausa da Faransanci, tunda kundin digiri ne cikin Ingilishi wanda ɗalibanmu ba su cika samu ba. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a 1971 ya haura shekara 70 a yanzu, don haka aiki na biyu shi ne ya kamata a fara da shi.